Maganin Sida kyauta ne, to cefane fa?

Wannan shi ne jawabin da wani tsohon majo na gidan likita, wanda ya ajiye aiki, ya gabatar a Maraɗi gaban ƴan kasuwa da ma'aikatan gwamnati, albarkacin ranar 1 ga Disamba, ranar yaƙi da cutar Sida ta duniya. Ga shi kamar yadda ya faɗe shi.

Alhazai da Hajiyoyi, shugabannin ƴan kasuwa, malamai, ma'aikata maza da mata, ina gaishe ku da gaisuwar girmamawa. Na san wanda ya baro rumfa hankalinsa yana can, shi ya sa ba zan daɗe ina sharar fage ba.

An ce in yi magana a kan cutar Sida, aka kuma bar mini zaɓin inda zan kama. Na zaɓi tukunya. Ina nufin abin da babban mutum mai ɗauke da ƙwayar cutar ke ci tun safe har dare, da dalilan da ke sa wani ya sami abinci iri-iri, wani kuwa ya ƙare a kan abu guda yau da gobe.

A shekarar 1987 aka tabbatar da mutum na farko mai wannan cuta a Nijar. Mu da muka yi aiki a shekarun da suka biyo baya mun ga abin da ba ma fatan sake gani. Mutum zai zo da ƙafarsa, bayan wata shida a kawo shi a tabarma, ya rame har ana ƙirga haƙarƙarinsa. Daga wannan ƙanjamewa aka sami sunan ƙanjamau, ƴan gari kuma suka laƙaba mata kabari salamu alaikum. Ba mu da abin ba su sai ruwan gishiri da sukari, da maganin zazzaɓi, da haƙuri. Daga 2004 ne aka soma ba da maganin rage kaifin cutar a ƙasarmu, kuma kyauta ake ba da shi. Binciken ƙasa na 2006 ya sami manya 7 cikin 1000 ɗauke da ƙwayar, na 2012 ya sami 4 cikin 1000. Yau ƙwaya ɗaya ake sha a rana. Wanda ya riƙe ta da gaskiya yana noma, yana fatauci, yana aure, yana haihuwa, kuma in ƙwayar cutar ta kwanta a jininsa har awo ya daina ganinta, ba ya shafa wa iyalinsa ta hanyar kwanciya. Wannan ni'ima ce da ba mu yi mafarkinta ba a 1990.

Amma akwai magana guda da na fi ji a bakin masu karɓar magani, har na haddace ta: "Majo, maganin nan yunwa yake sa ni, ga shi ba abin ci a gida." Maganin yanzu ana iya shan shi ko da cikin ba kome, kuma kullum haka muke faɗa musu. Sai dai wanda jikinsa ya fara farfaɗowa, cikinsa ya buɗe, ya duba ya ga tukunya a kife, shi kan ɗora laifin a kan ƙwayar. Na ga waɗanda suka ajiye ta saboda haka, suka dawo mana bayan shekara a kwance.

Ba ƙarya suke ba game da yunwar. Tun 2003 Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta bayyana cewa babba mai ɗauke da ƙwayar, ko da bai nuna alamar ciwo ba, yana bukatar ƙarin abinci kashi 10 cikin 100. In ciwo ya tashi, ƙarin ya kai kashi 20 zuwa 30. Wato wanda loma goma ke isarsa, yanzu sai sha ɗaya, in ya kwanta kuwa sha biyu ko sha uku, daidai lokacin da ba ya iya fita nema.

Yawan loma kuma ba shi ne duka ba. Tuwo yana ba da ƙarfi, amma ba shi kaɗai ke gina tsoka da jini da garkuwar jiki ba. A 2016 hukumar abinci ta FAO ta fito da wani ma'auni mai sauƙi. An raba abinci gida goma: hatsi da dangoginsa har da rogo da doya, wake da dangoginsa, gujiya da riɗi, nono, nama da kifi, ƙwai, ganye mai duhun kore, kayan lambu da na marmari masu jan ciki irin su karas da mangwaro, sauran kayan lambu, sai sauran kayan marmari. Ana tambayar mutum abin da ya ci jiya. In ya taɓa gida biyar, an ce ya kai mafi ƙarancin abin da ake so. Don mata masu shekara 15 zuwa 49 aka tsara shi, amma madubi ne da kowane babba zai iya duba kansa a ciki. Akwai sharaɗi: abin da bai kai giram 15 ba, kamar cikin cokali guda, ba ya shiga lissafi. Ɗan daddawa da kan kifin da aka jefa don ƙanshi ba su ƙirgu ba.

To, mu yi lissafin tare. Mutumin ƙauye ya karya da ɗumame, ya sha fura da rana, ya ci tuwo da miyar kuka da dare. Hatsi gida ɗaya, kuka gida biyu, in furar ta sami nono na kirki gida uku. In ruwa aka tsula mata, ya tsaya a biyu. Kada ma'aikaci ya yi dariya. Shi ya sha shayi da burodi da safe, ya ci shinkafa da rana, ya ci taliya da dare. Burodi da shinkafa da taliya duk ƴan gida ɗaya ne. Da yankan nama ɗaya da ɗan tumatir da albasa, shi ma uku ya samu. Cikinsa ya cika, ya kashe kuɗi ninkin na manomi sau biyar, amma bai wuce shi ba.

Abin da kowa zai fara ambata a matsayin dalili shi ne kuɗi, kuma gaskiya ne. Ku ƴan kasuwa kun fi ni sanin yadda gida ke yi in farashi ya hau. Mun gani a Janairun 1994 da aka karya darajar sefa da rabi, mun gani a yunwar 2005 wadda ta fi tsanani a nan jihar Maraɗi, mun sake gani a 2023 da aka rufe iyakoki. Ba a taɓa tuwo da farko. Miya ake taɓawa. Nama ya fara fita, nono ya bi shi, mai ya ragu, har a wayi gari tiyar hatsi kaɗai ake iya saye. Daga Janairun 2024 albashi mafi ƙanƙanta ya koma jikka 42 a wata. Ku raba shi gida talatin, za ku sami jikka ɗaya da dala 80 a rana. A ciki za a fitar da haya, da ruwa, da itace, da lakwal na yara, sannan a zo kan cefanen mutum bakwai ko takwas.

Mai ɗauke da ƙwayar yana da wata ɓarakar da sauran ba su da ita. Ranar zuwa gidan likita rana ce da ba ya nema. Da yawa kuma ba sa yarda su karɓi magani a garinsu, don kada wani ya gan su a layi. Mutum zai bar gidan likitan da ke bayan gidansa, ya shiga mota zuwa Damagaram ko Ƙonni, kuɗin motar kuwa daga bakin tukunya aka cire shi. Tun 2016 OMS ta ba da shawarar a riƙa bai wa wanda jikinsa ya daidaita maganin wata uku zuwa shida a tashi ɗaya. Duk inda aka bi wannan, kuɗin tafiya da yawa sun koma kasuwa, an sayo wake.

Lokacin shekara ma yana da hannu. Da sanyi lambunan Jiratawa da na Mirya sukan cika kasuwa da kabeji da karas da tumatir, da araha. Da bazara mangwaro ya zo. Da damina rumbu ya yi ƙasa, amma Allah ya buɗe wata ƙofa: ga tafasa, ga lalo, ga rama, ga gasaya, shanu sun sami ciyawa nono ya yawaita. Gidan da mace ta shanya ganyen damina a inuwa ta adana, gidan bai rasa miya ba da rani. Abin da ke ba ni takaici shi ne wake. Bayan Najeriya, babu ƙasar da ta kai Nijar noman wake a duniya, wake kuwa shi ne naman talaka. Amma manomi yana sayar da shi tun da kaka, don biyan bashi da tsoron ƙwari, ya tsallaka iyaka a manyan motocin da wasu daga cikinku suka mallaka. Ba zargi nake ba, Alhazai, sana'a ce ta halal. Ina dai tunatarwa cewa tun 2007 akwai buhun nan mai ninki uku da ake ce wa PICS, wanda masana na INRAN a nan Maraɗi suka yi aiki a kansa, yana ajiye wake wata da watanni ba tare da an zuba masa guba ba. Buhu ɗaya da aka hana fita daga gida ya fi dogon wa'azin ma'aikacin lafiya amfani.

Yanzu na zo kan abin da ya sa na zaɓi wannan magana, abin da na daɗe ban gane ba ni kaina. Shekaru na yi ina ce wa marar lafiya: ka ci ƙwai, ka ci hanta, ka sha madara. Ya ce to. Ya dawo bayan wata uku, sikeli bai motsa ba. Na ɗauka taurin kai ne ko rashin kuɗi, sai wata baiwar Allah ta buɗe mini ido. A lokacin muna raba wani garin kunu mai ƙarin sinadari ga waɗanda suka rame ƙwarai. Na lura ita tana karɓa, amma kafin ta kai bakin titi ta sayar da shi a rabin kuɗinsa. Na kira ta da faɗa. Ta bari na gama, sannan ta ce: "Majo, mu uku ne wurin mijinmu. In na shiga gida da wannan leda, wa zan ce ya ba ni, kuma don me?"

Ban sami amsa ba. A gidajenmu kwano ɗaya ake sa wa hannu. Maza da nasu, mata da nasu, yara da nasu. Babba ba ya dafa ƙwai ya shige ɗaki ya ci shi kaɗai, sai dai in maijego ce ko wanda kowa ya san yana jinya. Wanda ya ware abincinsa ya yi shelar ciwonsa, kuma a gidan da ake da abokan zama, ido yana kan kowace leda. Mutumin da ke ɓoye ƙwayar maganinsa a cikin kwalin ashana ba zai ci abin da zai tona masa asiri ba, ko da yana da kuɗin sayensa. Wannan ya shafi matar Alhaji kamar yadda ya shafi matar ɗan dako. Daga ranar na daina cewa "ka ci kaza da kaza". Na koma tambayar wa ke cefane a gidan, wa ke girki, me za a iya ƙarawa a tukunyar kowa da kowa ba tare da an tambayi dalili ba. Wake a cikin shinkafa, ƙuli-ƙuli a kwaɗon zogale, busasshen kifi na Madarumfa a miya, babu mai tuhumar waɗannan. Yara ma sun amfana. Kuma a iyakar abin da idona ya gani, wanda ya sami mutum ɗaya tak a gida da ya amince ya faɗa wa, uwa ko miji ko ƴar uwa, shi ne jikinsa ya fi saurin dawowa, don akwai mai ajiye masa rabonsa.

Nauyin ya fi faɗawa kan mace. Miji ya rasu, ta gama takaba ta wata huɗu da kwana goma, dangi suka fara raɗa cewa ita ta kawo ciwon, alhali sau da yawa daga tafiyar bida ya zo da shi. Ta koma gidan iyaye da yara, ba gona, ba jari. Sana'ar da ta iya ta abinci ce, ƙosai ko awara ko fura. Ranar da raɗar ta kai bakin layi, ranar ciniki ya mutu. Ina roƙonku ku ɗauki wannan ku kai gida: ƙwayar Sida ba ta bin abinci, ba ta bin kwano ko moɗa, ba ta bin musafaha, sauro ba ya ɗaukarta. Wanda ya daina sayen ƙosan bazawara saboda raɗa bai kare kansa daga kome ba, abincin marayu kawai ya zubar.

Ko a gidan da miji ke raye, mu maza sai mu ji kunya kaɗan. Maigida ya bar dala ɗari na cefane, da dare ya tsaya wurin mai tsire ya kashe jikka shi da abokansa. Tsokar da ke miya kuma kwanonsa ake sa wa. Uwargida ita ce ta ƙarshe wurin ci, bayan ta tabbata yara sun ƙoshi. In su biyun suna shan magani, shi yana taɓa gida biyar a waje, ita tana gida biyu a ciki.

Abin da ke gyara wannan shi ne abin hannu. A nan jihar Maraɗi aka kafa asusun Mata Masu Dubara a 1991, da taimakon ƙungiyar CARE, har ƙasashe da yawa suka kwaikaya. Macen da ke da akuya biyu da ɗan jari ba ta jiran kowa kafin ta sa nono a furarta. An ma gwada irin wannan tunani a kan masu ɗauke da ƙwayar, a yammacin ƙasar Kenya, cikin wani shiri mai suna Shamba Maisha. Mutum 720 suka shiga. Aka ba wani sashe rancen kuɗi da famfon ban ruwa na ƙafa da horon noman lambu, aka bar ɗaya sashen a kan magani kaɗai. Sakamakon da aka buga a 2022 ya nuna masu lambu sun fi samun abinci, damuwar zuciya kuma ta ragu musu. Wajen kwantar da ƙwayar cutar kuwa sassan biyu sun yi daidai, don dukansu suna shan magani. Na kawo wannan ne don kada a fita nan a ce majo ya ce lambu yana maganin Sida. Masu yawo da kwalabe a kasuwa suna cewa zogale ko wani sassaƙe yana kashe ta, maƙaryata ne, kuma na binne mutanen da suka gaskata su. Zogale abinci ne mai kyau, a ci shi a matsayin abinci.

Wani lokaci jikin ne ke ƙin abincin. Farin ƙurji a baki da maƙogwaro yana hana haɗiya, zawo yana fitar da abin da aka ci, tarin fuka yana kashe sha'awar abinci, baƙin ciki ma haka. Duk waɗannan suna da magani, a gaggauta kai mutum. Kafin nan a ba shi mai laushi kaɗan-kaɗan sau da yawa, kunun gujiya, faten wake, a tafasa madara da ruwan sha. Shayin da muke sha da an sauke kwano yana rage ƙarfen da jiki ke tsotsa daga abinci, a ba shi tazarar awa guda. Mai shan ƙwayar ƙarin jini kuma, musamman mace mai ciki, ta faɗa wa lokotoro, don akwai yadda ake haɗa ta da maganin Sida na yanzu ba tare da ta rage masa ƙarfi ba.

Akwai kuma girman kai. Mutum ya sami ɗan hali, sai ya ɗauki ganye abincin shekarar yunwa, ya koma farar shinkafa da soye-soye da lemun kwalba. Wannan ya fi shafar mutanen biro. Maganin da OMS ta sa gaba tun 2019, mai sinadarin dolutegravir, yana sa wasu ƙiba, wanda kuwa ya taɓa ramewa har aka yi da shi yana murna da kowane kilo, don ƙiba ita ce ke rufe bakin masu raɗa. Na fahimci dalilinsa. Amma a shekaruna na ƙarshe a aiki, waɗanda muka ƙwato daga ƙanjamewa sun soma dawo mana da hawan jini da ciwon sukari.

Ga mahukunta ina da roƙo da bai kai kuɗin mota ɗaya ta ofis ba: kowane wurin ba da magani a sami sikeli mai aiki, a kuma koya wa ma'aikaci ya tambayi me aka ci jiya kafin ya miƙa kwalba. Dokar da ta hana nuna wa masu ɗauke da ƙwayar bambanci tana nan tun 2007, an sabunta ta a 2015. Shugaban ma'aikata ko maigidan shago da ya sallami yaronsa saboda raɗa ya taka doka, ya kuma kife tukunyar gida guda. In yaronka ya nemi izinin rana ɗaya duk wata uku, ka ba shi, kada ka tambaye shi ina za shi.

Mafi yawan kuɗin maganin daga waje yake zuwa, ta Asusun Duniya na yaƙi da Sida da tarin fuka da zazzaɓin cizon sauro, wanda aka kafa a 2002. A 2025 Amurka ta rage taimakon da take bai wa ƙasashe, wasu ma suka bi sahunta. In ana fargaba a kan kuɗin ƙwaya, kada wani ya sa ran za a aiko mana da na cefane. Ku kuwa, Alhazai, duk azumi kuna raba shinkafa da sukari, Allah ya saka da alheri. Ina roƙon a bana a sauya rabin sukarin da wake da gujiya da busasshen kifi. Kuma kada a ce na masu Sida ne, don babu mai zuwa karɓa. A raba wa zawarawa da marayu da masu ƙaramin ƙarfi na unguwa baki ɗaya, waɗanda muke magana a kansu suna cikinsu.

Na ga an fara duba agogo, la'asar ta kawo jiki. Wanda ke da tambayar da ba ya son yi a cikin taro, zan zauna a ƙarƙashin bishiyar bakin ƙofa bayan an idar da salla. Ya zo kamar gaisuwa ya kawo.